Yadda Ake Tsara Tafiyar Kwana Goma a Girka: Kufan Tarihi, Tsibirai da Abinci

Kuskuren da ya fi ɓata tafiyar Girka tun a gida ake tafka shi, a gaban taswira. Mutum ya ga tsibirai birjik a teku kamar an watsa gero, kowanne dab da ɗan'uwansa, sai ya lissafa guda biyar a kwana goma. A taswira tazarar ɗan yatsa ce, a kan ruwa kuwa awa biyar ce, kuma ba kowane tsibiri ne jirgi ke haɗa shi da maƙwabcinsa ba. Duk ranar da ka canza masauki rabinta ya tafi: ɗaure kaya, zuwa tasha, jiran jirgi, neman sabon otal. Don haka jadawalin jirgin ruwa shi ne ƙashin bayan tafiyar, a kansa ake ɗora komai. Kwana goma na ɗaukar Atina, babban birnin ƙasar, da wurin tarihi ɗaya a wajenta, da tsibiri biyu da ke kan layin jirgi ɗaya.

Rabon da ya fi dacewa da mai zuwan fari shi ne kwana 4 a Atina, 3 a Naxos, 2 a Santorini, sannan kwana 1 a Atina kafin jirgin gida. Wannan kwanan na ƙarshe kada a taɓa shi ko da an matsu, dalilinsa na nan gaba.

Mataki na farko: zaɓen wata

Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Yuni, ko daga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. A watan Mayu ƙasa na da kore amma ruwan teku da sauran sanyi. A Satumba ruwan ya yi ɗumi, cunkoso ya fara raguwa.

Yuli da Agusta su ne watannin wahala. Zafi kan haura digiri 40 a Atina, har hukuma ta rufe dutsen Akropolis, mai tsoffin haikalai a tsakiyar birnin, da tsakar rana kamar yadda ta yi a wasu ranaku a 2023 da 2024. Kada mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya ce ai shi ya saba: zafin gida a inuwa ake cinye shi, wannan kuwa a tsaye kake kan farin dutse, ba inuwar kirki. A waɗannan watanni ne kuma iskar arewa da suke kira meltemi ke kaɗawa a tekun, tana hana ƙananan jirage tashi. Ranar 15 ga Agusta babban biki ne na addininsu, kusan kowa ya nufi tsibiri, kujerar jirgi da ɗakin otal sai wanda ya kama tun da wuri. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa otal-otal da yawa a ƙananan tsibirai a rufe suke, jirage sun ragu.

Wuraren tarihi na gwamnati ba sa buɗewa ranar 1 ga Janairu, 25 ga Maris, 1 ga Mayu, Lahadin Ista, da 25 da 26 ga Disamba. Istar Girkawa sau da yawa ba ta faɗuwa rana ɗaya da ta cocin da aka sani a Najeriya, sai ka duba kalandar shekarar.

Mataki na biyu: biza

Girka na cikin ƙasashen Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka mai fasfo na Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai da biza. Ana neman ta wajen ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Girka na da ofishin jakadanci a Abuja. Inda ba ta da shi, wata ƙasar Schengen ce kan karɓi takardu a madadinta. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun daga Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu idan ta nan aka bi. Doka ta ba ka damar nema tun saura wata 6. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa shi kansa aiki ne, saboda haka ka fara tun saura wata uku.

Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar yankin, da shafi biyu da babu komai a kansu. Inshorar lafiya ta tafiya ta kai Yuro 30,000, ta kuma shafi dukkan ƙasashen Schengen da dukkan kwanakin. Sai takardar banki ta watannin baya, shaidar aiki ko kasuwanci, ajiyar kujerar jirgi zuwa da dawowa, da ajiyar otal ta kowane dare.

Abu biyu ne suka fi kayar da mutane. Na farko, a zuba kuɗi mai yawa a asusu ana saura mako guda. Jami'in biza tarihin shige da ficen kuɗi yake karantawa, kuma kuɗin aro a fili yake. Na biyu, takardun su saɓa wa juna: wasiƙa ta ce Naxos ranar Talata, ajiyar otal ta ce Atina. Ka kama otal irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Mataki na uku: jirgin sama

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa Atina. Ana bi ta Istanbul, Alƙahira, Doha ko Addis Ababa. Amfanin waɗannan hanyoyi shi ne a Atina za ka fara shiga yankin Schengen, ƙasar da ta ba ka biza ita za ta duba ka. Wanda ya bi ta Faransa ko Jamus a can zai tsaya gaban jami'an shige da fice, ga layi, ga jirgi na biyu yana jira.

Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a gida. Mai ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 dole ya bayyana a kwastan.

Daga filin jirgin Atina, layin metro na 3 yana kai ka dandalin Syntagma da ke tsakiyar gari cikin kamar minti 40 a kan Yuro 9, kuma tun 2022 layin ya zarce har tashar jiragen ruwa ta Piraeus. Bas mai lamba X95 na zuwa Syntagma, X96 na zuwa Piraeus, dare da rana. Tasi zuwa tsakiyar gari farashinta a ƙayyade yake, na dare ya fi na rana. Ka tabbatar da shi kafin ka shiga. A cikin metro ka juyo da jakarka gaba, 'yan sane sun san layin filin jirgi sarai.

Kwanakin Atina

Ka sauka a unguwar Plaka, Koukaki ko kusa da Syntagma, inda ƙafa za ta kai ka kusan ko'ina. Ranar isowa ta hutu ce.

Kashegari ta Akropolis ce. Tun 2023 shiga da lokaci ake yi, mutum 20,000 a rana, kuma daga Afrilun 2025 tikitin ya koma Yuro 30, an kuma soke tsohon tikitin haɗaka da ke shigar da mutum wurare da dama. Ka saya a shafin gwamnati na hhticket.gr, domin akwai shafukan 'yan kasuwa masu kama da shi da ke ɗora riba. Ka zaɓi ƙarfe 8 na safe, kafin ayarin jiragen yawon buɗe ido su iso, ko kuma awa biyu kafin a rufe. Ƙofa biyu ce. Ta gefen kudu maso gabas, kusa da tashar metro ta Akropoli, ta fi sauƙin layi, kuma ta nan za ka ratsa tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Dionysus kafin ka hau.

Takalmi ba ƙaramin batu ba ne a nan. Ƙafafun miliyoyin mutane sun goge dutsen marmaran har yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ko ba ruwa santsi yake yi. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ke kayar da mutane a matakalar babbar ƙofa. Ka sa kambas mai roba, ka riƙe ruwa da malafa. Takalmi mai tsini na mata an ma hana shi a wuraren tarihi.

Haikalin Parthenon da ke kan dutsen an gina shi tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin Pericles, jagoran Atina na lokacin. Daga baya ya zama coci, sannan ya zama masallaci bayan da Daular Usmaniyya ta kama garin a ƙarni na 15, har da hasumiya. Abin da ya tarwatsa shi ya faru ne a 1687, lokacin da sojojin Venis suka harba igwa ta faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki. Wanda ya san wannan kafin ya hau, da ya dubi tsakiyar ginin da ya wawashe zai gane abin da yake kallo.

Da ka sauko, gidan tarihin Akropolis, wanda aka buɗe a 2009, yana ƙasan dutsen, da nasa tikitin daban, kuma da sanyin na'ura. Ka hau bene na sama mai bangon gilashi: sassaƙen Parthenon na asali launin zuma ne, waɗanda suka yi fari fat kuwa kwafi ne na waɗanda Lord Elgin, jakadan Birtaniya, ya kwashe zuwa Ingila a farkon ƙarni na 19, suna can a gidan tarihin Birtaniya, Girka na ta neman a maido su. Da la'asar sai tsohuwar kasuwar Agora, inda haikalin Hephaestus ke tsaye kusan cikakke, da rufinsa. A dandalin Monastiraki za ka ga tsohon masallacin Tzistarakis na 1759, wanda yanzu ba a salla a cikinsa.

Rana ta uku ka ba babban gidan tarihi na ƙasa awa uku: a nan fuskar zinaren da aka haƙo a kufan birnin Mycenae a 1876 take, da na'urar Antikythera, wata na'urar tagulla mai haƙoran juyi da aka tsamo daga teku, wadda aka yi don lissafin tafiyar rana da wata sama da shekara 2,000 da suka wuce. Gidan tarihin Benaki na fasahar Musulunci, kusa da Kerameikos, ƙarami ne, ba cunkoso, kuma ya cancanci awa ɗaya. Da safe kafin nan ka leƙa babbar kasuwar Varvakios a titin Athinas, ka ga kifi da zaitun da kayan ƙamshi.

Rana ta huɗu ta fita gari ce, kuma wuri ɗaya za ka zaɓa. Idan bas za ka bi, Delphi ta fi: kimanin kilomita 180, kusan awa uku a bas ɗin KTEL, masu zirga-zirga tsakanin garuruwa, da ke tashi daga tashar Liosion. A yi hattara, Atina na da manyan tashoshin bas biyu, ɗayar Kifissos ce, kuma wanda ya je wadda ba ita ba ya rasa motar safe. Girkawan dā sun ɗauki Delphi cibiyar duniya, sarakuna kan aika a yi musu duba a wurin kafin su fita yaƙi. Wurin a jikin dutsen Parnassus yake, hawa ne tun daga ƙofa har filin tseren da ke can sama, dattijo mai ciwon gwiwa ya tsaya a haikalin Apollo da ke tsakiyar hawan ya wadatar. Ka yanki tikitin dawowa da zarar ka sauka.

Idan kuwa ka ɗauki hayar mota ko ka shiga ayari mai jagora, ka nufi kudu: mashigin ruwan Koranti da aka gama haƙawa a 1893, Ƙofar Zakuna a Mycenae ta wajen 1250 kafin Miladiyya, da dandalin wasan kwaikwayo na Epidaurus mai ɗaukar mutum kusan 14,000, inda mai magana a tsakiyar fili ake jin sa daga layin ƙarshe ba lasifika. Abincin rana a Nafplio. Tuƙi a hannun dama ne kamar gida, amma sai da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne.

Jirgin ruwa: inda tafiya ke gyaruwa ko ta lalace

Iri biyu ne. Akwai babban jirgi mai ɗaukar motoci, irin na kamfanin Blue Star Ferries, wanda ke barin Piraeus wajen ƙarfe 7 da rabi na safe, ya tsaya Paros, ya isa Naxos cikin awa biyar da 'yan kai, ya kai Santorini cikin kamar awa takwas. Akwai kuma mai gudu, irin na Seajets, wanda ke rage lokaci sosai amma ya fi tsada, fasinja na rufe a ciki, kuma shi iska ta fi wujijjigawa, shi ake fara sokewa. Ga wanda bai taɓa hawa teku ba, ko mai yara, ko mai tafiya a Yuli da Agusta, babban jirgin ne zaɓi. Sauri kan haifi nawa a wannan teku.

Wajen sayen tikiti ka lura da abu huɗu. Santorini a tikiti sau da yawa Thira ake rubuta ta. Atina na da tasha uku, Piraeus, Rafina da Lavrio, kuma suna da nisa da juna. Sunanka ya zo daidai da na fasfo. Sannan tikiti mafi araha ba shi da kujera ta musamman, duk inda ka samu ka zauna; ƙarin 'yan Yuro kaɗan na ba ka kujera mai lamba, kuma a tafiyar awa biyar ya biya kuɗinsa.

Piraeus gari ce guda, ƙofofinta daga E1 zuwa E12, tsakanin wasu tafiyar minti ashirin ce da kaya. Lambar ƙofarka na kan tikiti. Ka isa saura awa ɗaya. Manyan akwatuna a ƙasa ake barin su, wajen motoci, a kan kantar da aka rubuta sunan tsibirinka. Fasfo, kuɗi da magani su hau sama tare da kai. Mai jin jiri ya sha maganin tashin zuciya rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi, domin in amai ya fara maganin ba ya zama a ciki. Kowane kantin magani mai alamar koren kuros na da shi. Ka zauna tsakiyar jirgi, ka riƙa kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya.

A tsibiran da ke kan hanya jirgi 'yan mintoci kawai yake tsayawa. Da ka ji an ambaci sunan tsibirinka, ka sauka ƙasa ka tsaya da kayanka kafin a saukar da ƙofa. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto a sama sai ya tsinci kansa a tsibiri na gaba.

Ga dalilin kwanan Atina na ƙarshe: iska kan sa hukumar tasha ta hana jirage fita, ma'aikatan jiragen ruwa kuma kan tafi yajin aiki, musamman ranar 1 ga Mayu. Kamfanin zai maido maka kuɗin tikitinsa, amma ba ruwansa da jirginka na Kano ko Abuja da ya tashi ba kai.

Naxos

Ita ce mafi girma a rukunin tsibiran Cyclades, kuma ƙasar noma ce, shi ya sa abincinta ya fi araha ya kuma fi daɗi. Tun daga jirgi za ka hango Portara, wata ƙatuwar ƙofar marmara tsaye ita kaɗai a kan ɗan tudu, ragowar haikalin da aka fara wajen 530 kafin Miladiyya ba a gama ba. Shiga kyauta ne, minti goma daga tasha, a je da faɗuwar rana. A saman garin akwai ganuwar da Turawan Venis suka gina a ƙarni na 13, lungunanta kamar na tsohon birni.

Ka ba ƙauyukan tudu yini guda: Halki, Filoti da Apeiranthos mai daɓen marmara, bas na zuwa daga bakin tasha amma ba ya yawa, sai ka ɗauki hoton jadawalin. A Apollonas, can arewa, akwai mutum-mutumin da ya haura mita 10 kwance a mahaƙar dutse inda masassaƙa suka bar shi. Babur mai ƙafa huɗu da ake bayarwa haya ya jikkata baƙi da yawa a kwanoni, kuma inshora ba kasafai take biya ba.

Bakin teku kuwa, a sani tun yanzu cewa shigar mutane a can ba irin tamu ba ce. Iyali su je da sassafe. Agios Georgios, dab da gari, ruwansa ba zurfi, ya dace da yara.

Santorini

Daga Naxos awa ɗaya zuwa uku ne, gwargwadon jirgi. Tsibirin bakin wani dutse ne mai aman wuta da ya fashe wajen 1600 kafin Miladiyya, teku ta cike tsakiyarsa, fararen gidaje suka jeru a kan gaɓar. Kwana biyu sun isa, domin tsada gare ta. Ɗaki mai kallon ramin yana ninka wanda ke bayan gari. Kamari da Perissa, garuruwan bakin teku masu baƙin yashi, sun fi sauƙi. Otal-otal ɗin gaɓa matakala ce zalla ba lif, ka tambayi yawanta kafin ka biya idan da tsoho a tafiyar. Tashar Athinios a ƙasan gaɓa take, hanya ɗaya mai lanƙwasa, tasi kuma kaɗan ne, saboda haka ka sa otal ya turo mota. Basa-basai duk daga Fira, babban garin tsibirin, suke tashi, can suke komawa.

Abin da bai kamata a rasa ba shi ne Akrotiri, garin da toka ta binne, wanda masanin kayan tarihi Spyridon Marinatos ya fara haƙowa a 1967. Gidaje masu bene, tituna, magudanun ruwa, manyan tuluna a inda masu su suka bar su, kuma ba a sami gawarwaki ba, alamar mutanen sun gudu kafin fashewar. An yi wa wurin rufi, don haka da rana tsaka ake zuwa. Ka duba ranar hutunsa, domin wurare da dama na rufewa ranar Talata. Garin Oia da safe ake ganinsa. Da magariba taron masu kallon faɗuwar rana kan toshe lungunan, alhali daga ƙauyen Imerovigli, kusa da Fira, rana ɗaya ce ke faɗuwa. Hanyar ƙafa daga Fira zuwa Oia kilomita 10 ce, awa uku zuwa huɗu, ba inuwa.

Komawa Atina a jirgin sama bai kai awa ɗaya ba, sai dai tikiti mai araha ba ya haɗa da babban akwati. Mai kwana 14 ya zarce daga nan zuwa Heraklion a tsibirin Kirit, kamar awa biyu a jirgi mai gudu lokacin bazara, ya ga fadar Knossos. Mai kwana 7 ya bar Santorini gaba ɗaya.

Abinci

Ga Musulmi, gaskiyar farko ita ce naman alade shi ne naman yau da kullum a Girka. Gyros, mai kama da shawarma, da souvlaki, mai kama da tsire, idan ba a faɗi nau'in nama ba to alade ne. Kalmomin da za a haddace: hirino alade, kotopulo kaza, arni rago, katsiki akuya, moshari naman sa, psari kifi, horis kuma na nufin "ban da". Ko ka ce kaza, sandarta na juyawa kusa da ta alade, wuƙa ɗaya, farantin gashi ɗaya. Niƙaƙƙen nama, kamar na cikin moussaka ko ƙwallayen keftedes, wani lokaci gauraye ne. Miyar stifado da giyar inabi ake dafa ta. Naman yankan Musulmi kuwa sai a shagunan 'yan Pakistan, Bangladesh da Larabawa da ke kewayen Omonia, unguwar da aka fi so a shiga da rana. A ƙananan tsibirai kada ka sa rai.

Mafita mai kyau na cikin al'adarsu. Cocin Girkawa na da kwanakin azumi masu yawa da ba a cin nama, madara da ƙwai, don haka suna da girke-girke birjik marasa nama, kuma kalma ɗaya ke buɗe su: nistisimo, wato abincin azumi. Kowane mai gidan abinci ya san ta. Ka kuma nemi ladera, kayan lambu da aka dafa da man zaitun da tumatir. A cikinsu akwai bamies, kuɓewa ce sak, sai dai ɗungum ake dafa ta don kada ta yi yauƙi. Akwai gigantes, manyan wake da aka gasa a miyar tumatir. Fasolada, romon wake. Briam, gaurayen dankali da gauta da kabewa. Da gemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, amma wannan ka tambaya ko da nama. Horiatiki shi ne salak ɗinsu: tumatir, kokwamba, albasa, zaitun da ƙaton yankin cukun feta a sama, ba ganyen latas. A Santorini ka ci fava, wanda aka dama kamar faten wake, da soyayyen ƙosan tumatir. A Naxos, dankalin turawa da cukun graviera.

Karin kumallo a gidan burodi ya fi na otal: koulouri, zoben burodi mai riɗi, spanakopita, mai alayyafo da cuku, bougatsa mai zaƙi, ko kindirmonsu mai kauri da zuma.

Babban kifi da kilo ake sayar da shi, farashin da ke kan takarda na kilo ne, ba na faranti ba. A nan ake yi wa baƙi lissafin da ke tayar da hankali. Ka bi mai hidima zuwa wajen ƙanƙara, ka nuna kifin, a auna a gabanka, a faɗi kuɗin, sannan a ɗora a wuta. Ƙananan kifi irin sardin da gavros da faranti ake sayarwa, ga araha. Gidan da aka tsayar da mai kiran mutane a ƙofa da hotunan abinci, ka wuce shi. Ka shiga lungu biyu baya, inda ake jin yaren Girkanci a teburori. Su kan ci abincin dare ne daga ƙarfe 9. A yi odar faranti huɗu ko biyar a tsakiya kowa ya sa hannu, haka suke ci. Ka yi lissafin Yuro 15 zuwa 25 ga mutum ɗaya a irin wannan gida, Santorini ta fi haka. Burodin da aka ajiye yana cikin lissafi.

Bayan an gama, mai gida kan kawo kyauta: 'ya'yan itace, ko ɗan ƙaramin kofi mai ruwa garau. Wannan ruwan giya ce mai ƙarfi, raki ko mastiha. Ka dafa ƙirji ka ce efharisto, wato na gode, ba wanda zai ji haushi.

Salla, tsarki da sauran ƙananan abubuwa

Masallacin gwamnati na Atina, a unguwar Votanikos, an buɗe shi a Nuwambar 2020. A Naxos da Santorini a ɗaki za ka yi salla. Alƙibla daga Girka kudu maso gabas take, ba gabas da aka saba ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 saura, asuba kuma da wuri. Agogonsu na gaban na Najeriya da awa 2 a bazara, awa 1 a hunturu.

Banɗakuna ba buta ba tiyo, ka tafi da 'yar gora. Takarda kuma a kwandon gefe ake jefa ta, domin bututunsu sirara ne, suna toshewa. Ruwan famfo a Atina ana sha. A Santorini na gora ake saya. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, mai cajar Najeriya mai ƙafa uku sai da mahaɗi. Lambar gaggawa 112.

Ka gwada katin bankinka a sayayyar waje tun kana gida, ka kuma riƙe tsabar Yuro don bas da ƙauye. Idan na'ura ta tambaye ka ko a cire da Yuro ko da wani kuɗin, ka zaɓi Yuro, ɗayan canjinsa ya fi cuta. Masu sefa lissafinsu a tsaye yake, Yuro 1 sefa 656 ne. Otal na karɓar harajin gwamnati na kowane dare a kan kowane ɗaki, gwargwadon darajarsa, kuma sau da yawa ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet.

Ne a yarensu "eh" ne, ohi shi ne "a'a", ɗaga haɓa sama kuma ƙi ne. Ware yatsu biyar a fuskar mutum daƙƙuwa ce a wajensu kamar yadda take a wajenmu, don haka ko lamba biyar za ka nuna, ka juyo da tafin hannu wajenka. Kada ka ɗauki ko tsakuwa a wurin tarihi, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. A coci da gidajen ibadarsu ana rufe kafaɗa da gwiwa.

Tsaraba a ranar ƙarshe ake saye, a kewayen kasuwar Varvakios da titin Evripidou: man zaitun, zuma, busasshen ɓaure, ganyen shayin dutse. Man zaitun ka sayi na gwangwani, ba na kwalba ba, ka naɗe shi a leda biyu, ka sa a babban akwati tare da zumar, domin a jakar hannu masu bincike za su karɓe su a ƙofar jirgi.